Bukkar da Ta Rage a Kan Tafki

Litinin, 24 ga Maris, huɗu da rabi na yamma

Na ƙirga daga tagar ɗakina: bukkokin kamun kifi goma sha ɗaya suka rage a kan daskararren tafkinmu. A watan Fabrairu sun fi sittin, kamar ƙaramin gari aka dasa a kan ƙanƙara, har da hanyar mota da hayaƙin murhu. Yanzu kowa sai janye tasa yake yi, don doka ta ce daga ƙarshen Maris kada a sake ganin ko ɗaya a can. Tamu ita ce koriyar, can nesa, bayan Berta.

Yau ƙawata Shauna ta tilasta mini sayen tikitin Berta a shagon babanta. Kowace shekara 'yan kwana-kwana suna ajiye jan durom ɗin nan a tsakiyar tafki, su ɗaura masa waya har zuwa agogon da ke bakin gaɓa, kowa ya canki ranar da ƙanƙara za ta saki ya nutse. Ban san wanda ya raɗa wa durom suna Berta ba. Sai da na maimaita abin da zan faɗa sau uku a raina kafin in isa gaban kanta, duk da haka muryata ta maƙale. Shauna ce ta faɗa a madadina: "Ashirin da uku ga Afrilu take so, Baba. Noella ba ta magana sai an saka mata kwabo." Duk suka yi dariya. Ni ma na yi, don ba ni da abin yi da fuskata.

Na sa tikitin a cikin littafin da nake karantawa. Labarin wata ce da aka kai aikin koyarwa a wani tsohon gida a bakin teku, mai gidan yana da tabo a kumatu kuma ba ya dariya. Na san zai yi dariya kafin shafi na ɗari biyu. Kullum suna yi.

Baba ya ce ranar Asabar zai janye bukkar.

Laraba, 26 ga Maris, bakwai da kwata na safe

Rediyo na ta maganar bashin gwamnati muna karyawa. Wani mutum yana cewa kowane jaririn da aka haifa yau da bashinsa a wuya, dole a tsuke bakin aljihu. Baba ya ajiye cokali ya ce, "Kun ji ko? Su suka ci, ni aka aiko wa takarda." Ya yi dariya shi kaɗai. Mama ta miƙa hannu ta kashe rediyon.

Takardar tana nan a kan firij, ƙarƙashin kwanon mabuɗai. Sati biyu ke nan. Shekara ashirin da uku Baba yana aiki a gandun shaƙatawa na lardi. Iwar haka da ba ma ganinsa, yana can yana sare itatuwan da suka faɗi, yana gyara tebura da wuraren kafa tanti kafin a buɗe a watan Mayu. Bana ba za a buɗe ba, don haka babu aiki. Iyakar abin da aka gaya mini ke nan.

Har yanzu ƙarfe shida yake tashi, ya aske gemu, ya cika gorar kofi. Sai dai maimakon ya hau mota, sai ya gangara tafki.

Asabar, 29 ga Maris, da la'asar

Bukkoki huɗu. Baba ya ce motar tana wani ƙara, sai wata Asabar.

Litinin, 31 ga Maris, biyar na yamma

Kawu Toivo ya shigo da kwalbar zumar da ake tatsa daga itacen mapul, ta farkon bana, har da ɗuminta. Ba kawuna ba ne na jini, maƙwabcinmu ne, shekararsa saba'in da takwas, kuma duk garin nan babu wanda ya san tafkin kamarsa. Ya zauna bai cire hula ba.

"Armand, yau ce ranar ƙarshe fa. Ga babur ɗin ƙanƙarata a waje, ga igiya. Minti arba'in mun gama."

Baba ya ce, "Inci ashirin ne, tsoho. Da safen nan na huda na auna. Giwa ma za ta yi rawa a kai."

"To, ka nemo giwar ta biya maka tara."

"Su zo su ci ni tarar. Sun san gidan, ai sun iya aiko da takarda."

Kawu Toivo ya juyo wurina. "Jikata, ke ba ki da baki ne? Ki gaya wa ubanki ya fi jaki taurin kai." Na sunkuyar da kai ina kallon ɗigon zuma a kan tebur. Baba ya ce, "Ƙyale mini 'Yar Shiru. Ita kaɗai ce ba ta dame ni ba a gidan nan."

Na ji daɗin maganar. Daga baya kuma na ji ba daɗi, ban san dalili ba.

Talata, 1 ga Afrilu, da safe

Saura tamu. Ita da Berta.

Alhamis, 3 ga Afrilu, huɗu na yamma

Kowa a makaranta sai zancen fita yake yi. Su Shauna sun fito da kekuna, yayanta yana gyara kwalekwale, malamar lissafi ta zo da gajeren wando alhali akwai sauran dusar ƙanƙara a bakin hanya. Agwagin daji sun fara dawowa, na ji su suna wucewa ta saman makaranta. Kowa na murna ƙanƙara za ta tafi. Ni kaɗai nake roƙon sanyi ya dawo.

Mai tabon ya yi dariya. Shafi na ɗari da tamanin da shida. Na ce zai yi.

Wani lokaci nakan ga kaina a wannan gidan na bakin teku, da doguwar riga, ina faɗin magana mai kaifi ba tare da na shirya ta ba. Matan cikin littattafai ba sa maimaita magana a rai. Suna buɗe baki kawai sai ta fito daidai.

Baba bai kawo kifi ba. Da na yi tunani, ashe tun zuwan takardar bai kawo ko ɗaya ba.

Asabar, 5 ga Afrilu, goma na safe

Ba a janye ba. Yanzu mota ba za ta hau ba ma, in ji Kawu Toivo.

Akwai abin da na gani yau, kuma ban san ko in rubuta ba.

A bayan ƙofar kicin akwai ƙusa inda muke rataye ƙusoshin wuya. Kowa a gidan da nasa: ƙusoshi biyu masu mariƙin itace, a ɗaure da igiya, ka rataya a wuya. In ƙanƙara ta fashe da kai, da su za ka caka ka jawo jikinka waje. Baba ne ya yi mini nawa ina 'yar shekara shida, ya shafa musu jan fenti. Sau ɗaya tak ya taɓa daka mini tsawa a rayuwata, ranar da na taka tafki ba su a wuyana. Har kuka na yi, shi ma idonsa ya yi ja.

Nasa suna rataye. Shi kuma yana can.

Wataƙila mantawa ya yi.

Lahadi, 6 ga Afrilu, bayan an taso daga coci

Suna rataye.

Talata, 8 ga Afrilu, biyar da rabi na yamma

Mama ta aike ni shagon su Shauna sayen ƙwan fitila. Dattawan nan masu zaman shan kofi a bayan shago ba su ga shigowata ba. Ba a ganin shigowata, shi ne amfanina.

Merv, mai gyaran taya, yana cewa, "Ni fa na sake lissafi. Ku bar Berta. A buɗe sabon tikiti a kan bukkar Armand."

Wani ya ce, "Da shi a ciki ko ba shi?"

"Da shi ya fi tsada."

Suka kwashe da dariya. Baban Shauna ya hango ni ta bayan kantar fenti, ya yi gyaran murya da ƙarfi. Merv ya ce, "A'a, 'yar Armand! Wasa muke yi, 'yata. Ya babanki? Kifi na ci?"

A littafi da na faɗi abin da zai sa kofi ya sarƙe shi. Sai na ce, "Lafiya lau." Har da murmushi. Na fito ban sayi ƙwan fitilar ba.

Na yayyaga tikitin Berta a hanya. Yanzu ban san shafin da na tsaya ba.

Laraba, 9 ga Afrilu, shida na yamma

Ƙanƙarar ta canza launi. Da fara ce tas, yanzu ta koma toka-toka, kamar tsumman goge-goge. Ta saki daga bakin gaɓa, ruwa ya buɗe kamar taku biyu. Baba ya ɗauko dogon katako daga rumfa ya shimfiɗa, a kai yake tsallakawa.

Muna cin abinci ya ce, "Inci goma sha shida." Ba wanda ya tambaye shi.

Mama ta ce, "Armand, an buɗe neman ma'aikata a injin yankan katako."

"Na ji."

"Kuma likitar nan ta ce ranar Juma'a akwai wuri, in kana so."

"Doreen, lafiyata ƙalau. Kifi nake kamawa."

"Ina kifin?"

Ya tashi ya kai farantinsa wurin wanki, ya wanke, ya goge, ya mayar. Ya shafa kaina da zai wuce. Hannunsa sanyi ƙarara.

Juma'a, 11 ga Afrilu, huɗu na yamma

Na dawo makaranta na tarar da Mama da Kawu Toivo a bakin ƙofar baya. Ta ba shi ƙaramin mabuɗin nan na akwatin ƙarfen da ke ɗakin ƙasa, inda Baba yake kulle bindigoginsa na farauta. Ya sa a aljihun ƙirji ya danna maɓalli. Da suka gan ni sai Mama ta fara maganar tumatir.

Na raka Kawu Toivo har shingensa. Ban shirya ba, sai na ji na ce, "Kawu, inci goma sha shida ba ta isa ba?"

Ya tsaya ya dube ni, kamar yau ya fara jin muryata. "Zo ki gani." Muka gangara gaɓa. Ya sa sandarsa ya ɓantaro gefen ƙanƙarar. Ba ta fashe kamar gilashi ba. Wargajewa ta yi, ta zama dogayen tsinkaye kamar kyandirori a jere, suka zube cikin ruwa suna ƙara siririya.

Ya ce, "Kin gani? Ta ruɓe daga ciki. Ko inci talatin ce, a watan Afrilu kauri ba ya nufin komai. Ubanki ya fi ni sanin haka. Shi yake kafa allon gargaɗi a gandun kowace shekara."

Na ce, "To me ya sa?"

Ya share hanci. "Ki je ki sa rigar sanyi, jikata."

Asabar, 12 ga Afrilu, da rana

Asabar ce. Ba wanda ya ambaci janyewa.

Lahadi, 13 ga Afrilu, uku na rana

Mama ta ɗauke katakon ta ɓoye a bayan rumfa tun da sassafe. Baba ya ciro tsani ya shimfiɗa. Da rana katakon ya koma wurinsa.

Ina ta kallo daga taga. Yana tafiya a hankali, hannunsa a aljihu. Ba a tafiya a kan tafki da hannu a aljihu, shi ya koya mini. Sai ya zama ɗan ƙarami, ya wuce Berta, ya shiga. Babu hayaƙi. Ko murhun ba ya kunnawa.

Me yake yi a ciki awa bakwai?

A cikin ƙofar bukkar ta ciki akwai zane-zane da wuƙa. Kowane hunturu yakan tsayar da ni a jikin ƙofar ya zana tsawona, a gefe kuma ya zana tsawon kifin da ya fi girma a shekarar. Yakan ce, "Bana ma kin ci kifi, 'Yar Shiru." Bana bai zana ba. Ni ma ban je ba, ina ɗaki ina karatu. Sau uku ya kira ni a watan Janairu.

Talata, 15 ga Afrilu, da safe

An yi ruwan sama jiya, na farko a bana. Shauna ta turo mini hoton kanta tana rawa a ciki.

Suna rataye.

Laraba, 16 ga Afrilu, biyar na yamma

Wani jami'in kula da tafkuna ya zo, dogo, da hula mai faɗi. Na buɗe masa ƙofa. Wallahi na ɗauka shi ne. A littattafai a daidai nan wani yake zuwa, ya dubi halin da ake ciki, ya ce, "Ku bar mini." Har na lura yana da idanu masu kyau, Allah ya yafe mini.

Takardar tara ya kawo. Ya ce ba shi da ikon hana babban mutum taka tafki, kuma ba zai tura mutanensa kan wannan ƙanƙarar ba. Ya san Baba, sun yi aiki tare. Ya ce, "Ki ce masa Curtis yana gaishe shi. Ki ce masa don Allah." Bai ƙarasa don Allah me ba.

Na sa takardar a kan firij tare da ɗayar.

Na nemo shafina. Mai tabon ya shiga teku da daddare ya ceto ta. Na rufe littafin. Ban ji komai ba.

Alhamis, 17 ga Afrilu, shida na yamma

Ƙanƙarar ta koma baƙa. Ba toka ba, baƙa, kamar kwalta bayan ruwa. Berta ta karkace.

"Inci goma sha biyu," in ji Baba.

Mama ba ta ci abinci ba. Na ji ta a waya da ƙanwarta tana cewa ta yi kuka, ta yi faɗa, ta roƙa, ta kira duk wanda za a kira, abin da ya rage sai ta ɗaure shi a ƙafar gado. Ta ce, "Murmushi yake yi mini, Bev. Da ma faɗa yake yi."

Kawu Toivo ya tafi wurin 'yarsa yin Ista, sai Litinin. Da zai shiga mota ya daɗe yana kallon tafkin.

Juma'a, 18 ga Afrilu, da rana

Yau bai je ba, don Mama tana gida kuma ta zauna a bakin ƙofa da kwandon wanki. Ya yi mana fanke. Ya gyara famfon banɗaki da ya shekara yana ɗiga. Ya nuna wa Mama inda takardun mota suke, ya ce ko za ta buƙata. Ya ba ni wuƙarsa ta aljihu, wai na girma.

Kowa zai ce yau rana ce mai kyau.

Ba na son wuƙar.

Gobe Mama tana aikin safe a gidan kula da tsofaffi, ta nemi canji ba ta samu ba. Ta ce mini, "Ki sa ido, in ya fita ki kira ni." Minti ashirin da biyar ne daga can zuwa nan.

Asabar, 19 ga Afrilu, biyu na rana



Ƙarfe bakwai na ji ƙarar ƙofar baya. Na buga wa Mama, ba ta ɗauka ba, na san ba a barinsu da waya a hannu lokacin yi wa tsofaffi wanka. Na bar saƙo. Na sa takalmi. Na tsaya a gaban ƙusar. Nasa suna rataye, nawa jajayen a gefensu. Na miƙa hannu, sai na fasa.

Na same shi ya sa ƙafa ɗaya a kan katakon. Ruwan ya ƙara buɗewa, da ƙyar bakin katakon ya taɓa ƙanƙarar. Iska na kaɗawa, ko'ina sai wannan siririyar ƙarar ta kyandirori.

Ya ce, "A'a, 'Yar Shiru. Koma ciki, akwai sanyi."

Na ce, "Zan bi ka."

Ban maimaita a raina ba. Ita ta fito da kanta.

Ya yi murmushin nan. "Wata rana."

"Bana ba ka auna ni ba. Ga wuƙar, na zo da ita."

"Noella, koma gida."

"Ka ce inci goma sha biyu ce. Ka ce huɗu ma ta isa mutum. Ni ko rabinka ban kai ba."

Ya dube ni daga sama har ƙasa, sai idonsa ya tsaya a wuyana. Murmushin ya tafi.

"Ina ƙusoshinki?"

"Suna kusa da naka."

Ba zan manta fuskarsa ba. Na raɓa ta gefensa na hau katakon. Ya lanƙwashe, ruwa ya hau kan takalmina, sanyin ya shige ni har haƙori. Taku ɗaya, biyu, uku. Ban kalli ƙasa ba, koriyar bukkar nake kallo. Na ɗora ƙafar dama a kan ƙanƙarar, na ji ta yi laushi kamar jiƙaƙƙen burodi.

Ban san lokacin da ya cafko ni ba. Ta wuyan riga ya fizgo ni, muka faɗi tare a cikin taɓon gaɓa. Bakin ƙanƙarar inda na taka ya wargaje, katakon ya zame ya shiga ruwa.

Ya yi ta girgiza ni yana ihu. "Ba ki da hankali? Ba ki da hankali ne? Ta ruɓe! Ba za ta ɗauki kare ba! Kina so ki mutu ne?"

Na ce, "Kai fa?"

Sau biyu ke nan ya daka mini tsawa a rayuwata.

Ya sake ni ya zauna a cikin taɓon, ya rufe fuska da hannu biyu. Kafaɗunsa suna motsi. Ban taɓa gani ba, ban san inda zan sa idona ba. Na zauna kusa da shi. Na ce, "Duk ranar da ka je zan bi ka, Baba. Ko ka kulle ni zan fita ta taga. Ka san ba na magana in ba da gaske nake ba."

Ya ce, "Na sani." Can kuma ya ce, "Ban san abin da zan yi da safiya ba, Noella. Gari ya waye, ban san inda zan sa kaina ba."

A littafi da akwai amsar wannan. Na riƙe hannun rigarsa kawai.

A haka Mama ta same mu, ta bar motar a buɗe tana aiki, da rigar aikinta. Ta dube mu, ta dubi katakon yana yawo a ruwa. Ba ta tambayi komai ba. Ta ce, "Ku tashi, ku biyun, kun jiƙe."

Lahadi, 20 ga Afrilu, da yamma

Ista. Ba mu je coci ba. Baba ya yi barci har azahar. Na zauna a matakala inda nake ganin ƙofofin biyu.

Talata, 22 ga Afrilu, huɗu da rabi

Mama ta kai shi wurin likitar. Shi ya ce a je, ko kuma bai ce a'a ba, ban tabbata ba. Da za su dawo ta bar shi ya tuƙo.

Kawu Toivo ya dawo, Mama ta ba shi labari a shinge. Ya shigo ya same ni ina wanke-wanke. "Ashe jakai biyu ne a gidan nan," ya ce. "In kika sake taka wannan tafkin, da sandar nan zan karya ƙafarki." Sannan ya ajiye mini wata kwalbar zuma, ya fita da sauri yana share hanci.

Takalman Baba na hawa tafki suna ɗakina, ƙarƙashin gado. Ya san suna can. Bai tambaya ba.

Alhamis, 24 ga Afrilu, bakwai na safe

Babu ita.

Jiya da yamma bukkar tana nan. Yanzu ruwa ne kawai a wurin, baƙi, yana motsi. Ba wanda ya ga tafiyarta. Baba ya tsaya a tagar kicin da kofi a hannu har ya huce.

Na yi ta lissafin awa bakwai ɗin da yake yi a cikinta kowace rana, sai na hana kaina.

Lahadi, 27 ga Afrilu, da la'asar

Berta ta nutse jiya, ƙarfe uku da minti goma sha ɗaya. Wata ma'aikaciyar gidan waya ce ta ci. An yi ta busa ƙahon motoci a bakin gaɓa, yara da kekuna, ana gasa nama. Merv ya hango mu ya ɗaga wa Baba hannu. Baba ya ɗaga masa. Ni ban ɗaga ba, kuma na kalle shi har sai da ya kau da kai.

Shauna ta ce na canza. Ta ce, "Wa ya saka miki kwabo?"

Asabar, 3 ga Mayu, biyar na yamma

Iska ta koro ƙofar bukkar zuwa gaɓar su Kawu Toivo. Sauran katakan suna ƙasan ruwa, an ce dole Baba ya ciro su in ruwa ya yi ɗumi, kuma tarar tana nan. Rediyo na ta maganar bashi. Gandun yana rufe. Injin katako sun ce za su kira, ba su kira ba.

Baba ya ɗauko ƙofar a ka, ya jingina ta a rumfa. Fentin ya kumbura amma zanen yana nan, tun ina 'yar shida. Ya ce, "Zo ki tsaya." Na tsaya. Ya karɓi wuƙar ya zana, ya ninke ta, ya sa a aljihunsa. Bai mayar mini ba. Ban taɓa jin daɗin an karɓe mini abu kamar yau ba.

Sai ya ce yana so ya fito da kwalekwale gobe, ya ɗan zaga, shi kaɗai, ya sha iska.

Mama ta daina yankan albasa.

Ruwan har yanzu ruwan ƙanƙara ne. Kowa ya sani.

Na ce, "Ni zan zauna a gaba."

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "To ki nemo rigunan ruwa. Guda biyu."

Na nemo su, suna nan a kan kujerata. Takalmansa kuma suna ƙarƙashin gadona har gobe da safe. Mabuɗin akwatin yana aljihun Kawu Toivo, kuma ba wanda ya ce a dawo da shi.